Edward Wilson: likitan da ya ƙirga tsutsotsi a cikin tsuntsayen daji, ya ƙare a ƙanƙarar Antaktika

Yau za mu yi nisa da gida, domin mutumin da muka ɗauko Bature ne ɗan ƙasar Ingila mai suna Edward Adrian Wilson, wanda ya mutu a shekarar 1912 yana da shekara 39 a duniya. A ƙasarsu abin da aka fi saninsa da shi shi ne mutuwarsa, don yana cikin mutum biyar da suka taka da ƙafa har ƙurewar kudancin duniya ƙarƙashin jagorancin Kyaftin Robert Scott, kuma ba wanda ya dawo daga cikinsu. Mu kuwa wani gefe na rayuwarsa ne ya fi ɗaukar mana hankali. Duk wanda ya taɓa kiwon kaji ko zabi ya san ɓarnar ƙuma da kaska da tsutsar ciki, ya kuma san yadda akurki guda kan ƙare cikin sati biyu. To tsuntsun da ba shi da akurki, ba shi da mai shi, wanda ke kwana a tsibirin da ba kowa, wa ke duba lafiyarsa, kuma ta yaya? Wilson na cikin mutanen farko da suka zauna suka yi wannan aiki da ƙirga da ma'auni.

An haife shi ran 23 ga watan Yuli na 1872 a garin Cheltenham da ke yammacin Ingila. Mahaifinsa likita ne, shi kuma shi ne na biyar a ƴaƴan gidan. Iyalin sun kama wata gona a bayan gari mai suna Crippetts, kuma can ne yaron ya koyi kwanciya cikin haki tun asuba yana kallon tsuntsaye yana zana su a takarda. Wannan hannu na zane bai rabu da shi ba har ƙarshen ransa. A 1891 ya shiga jami'ar Kambirij inda ya karanci ilimin halittu, ya fita a 1895 da sakamako mai daraja ta ɗaya, sannan ya wuce asibitin St George da ke birnin Landan don koyon aikin likita. Maimakon ya zauna unguwar masu hali, sai ya tare a Battersea cikin talakawa, a gidan mishan na kwalejinsu, yana karatu yana kuma taimakon yaran unguwa. Mutum ne mai riƙo da addininsa na Kirista, mai ƙuntata wa kansa wajen ci da sutura. A 1898 tarin fuka ya kama shi. A zamanin nan babu maganin wannan cuta sai hutu da iska mai tsabta, don haka aka tura shi ƙasar Nowe, daga nan Davos ta ƙasar Suwizalan. Ya samu sauƙi, ya dawo ya karɓi takardarsa ta likita a 1900.

A wancan gidan mishan na Battersea ne ya haɗu da Oriana Souper, suka yi aure ran 16 ga Yuli na 1901. Amarcin bai wuce sati uku ba, domin a farkon Agusta ya shiga jirgin ruwa mai suna Discovery, wanda Ingila ta tura binciken nahiyar Antaktika. Da ƙyar aka ɗauke shi. Huhunsa na da tabon tari, ga shi ya zo wurin ganawa da hannu rataye a wuya saboda wani ƙurji da ya same shi bayan ya yanke a bakin aiki a asibiti. Amma Scott ya ga mutum, ya nace sai da shi. Aka ba shi muƙamin mataimakin likita, aka haɗa masa da kula da tsuntsaye da dabbobi, da zanen duk abin da aka gani. A ƙarshen 1902 shi da Scott da Ernest Shackleton suka nausa kudu da karnuka, suka ƙetare layin digiri 82, inda ɗan Adam bai taɓa kaiwa ba kafin su. Karnukan duka sun mutu, mutanen uku suka dawo da kumburin dasashi na rashin ɗanyen abinci, Shackleton na tarin jini, Wilson kuwa hasken ƙanƙara ya kusa lalata masa idanu don ya ƙi daina zanen duwatsun da suke wucewa.

Abin da ya riƙe zuciyarsa daga wannan tafiya shi ne wani tsuntsun teku da ba ya tashi sama, fengwin, musamman babbansu da ake yi wa laƙabi da sarki. Tsayinsa ya haura mita ɗaya, nauyinsa kan kai kilo 30 zuwa 40, a cikin teku yake cin kifi, bisa ƙanƙara yake haihuwa. A watan Oktoba na 1902 wasu ƴan ayarin suka gano matattararsu a gindin wani tsauni, a wurin da ake kira Cape Crozier, karo na farko ke nan da aka ga inda wannan tsuntsu ke ƙyanƙyasa. Wilson ya je da kansa a 1903. Cikin Satumba, wato farkon sassaucin sanyi a can, ya tarar ƴan tsaki sun riga sun fito. Ya yi lissafi baya, ya gane cewa lallai a tsakiyar hunturu ake yin ƙwan, lokacin da rana ba ta fitowa ko kaɗan har wajen wata huɗu. Bai tsaya nan ba. Ya riƙa tsintar matattun ƴan tsaki yana ƙirgawa, yana gwadawa da yawan masu rai, har ya kiyasta cewa wajen kashi uku cikin huɗu ba sa kai labari. Ya kuma lura manyan da ba su da ɗa sukan yi kokawa bisa ɗan tsako guda, kowa na son ya rungume shi, har su tattake shi. Mai karatu ya riƙe wannan ɗabi'a tasa ta ƙirga matattu da masu rai tare, za mu sake gamuwa da ita.

Sun dawo gida a 1904, kuma shekara guda bayan haka ya samu aikin da a ganinmu shi ne mafi amfani a duk rayuwarsa, ko da yake ba saboda shi aka yi masa mutum-mutumi ba. A tsaunukan Sikotilan da arewacin Ingila akwai wani jan tsuntsu mai kama da fakara, Turawa na ce masa girawus. Ba kiwonsa ake yi ba, amma dukiya ne, domin masu manyan filaye na ba attajirai hayar daji su zo harbi kowace shekara daga 12 ga watan Agusta, kuma da wannan kuɗi ake biyan masu gadin daji da ma'aikata da yawa. Sai dai duk bayan ƴan shekaru wata annoba kan faɗo, a wayi gari ana tsintar tsuntsayen a bakin rafuka, ramammu, ƙashi da gashi. Tun 1873 wani masani mai suna Spencer Cobbold ya ce wata ƙaramar tsutsar hanji ce ke yin ɓarnar. A 1892 wani kuma, Edward Klein, ya fitar da littafi ya ce ƙwayar cuta ce mai kama huhu. Maganar Klein ta fi karɓuwa, domin lokacin ana yayin ƙwayoyin cuta, sunan Pasteur da na Koch ya cika duniya. A 1905 kwamitin bincike ƙarƙashin Lord Lovat ya kama aiki da izinin hukumar noma, masu filaye suka zuba kuɗi, aka ɗauki Wilson ya zama idon kwamitin a daji.

Shekara biyar ya yi yana wannan aiki, kuma ba aikin da mai ƙyanƙyami zai iya ba ne. Masu gadin daji na aiko masa da matattun tsuntsaye ta gidan waya, wasu sun kwana uku a hanya sun fara ruɓewa, shi kuma yana yawo daga wannan daji zuwa wancan, yana feɗe su a duk ɗakin da ya sauka. Kowane tsuntsu sai ya ɗora shi bisa ma'auni, ya rubuta inda aka same shi da watan da aka same shi, ya duba gashinsa, ya buɗe maƙogwaro da ƙundu ya ga abin da ya ci, sannan ya tsaga hanji. Ya feɗe kusan tsuntsu 2,000. Dabarar da ta raba wannan bincike da na baya ita ce, bai tsaya ga masu ciwo kaɗai ba. An riƙa harbo masa lafiyayyu a watanni daban-daban na shekara, domin wanda bai san yadda hanjin lafiyayyen tsuntsu yake ba, ba zai gane abin da ya ɓaci a na marar lafiya ba. Ta haka aka gano cewa canjin launin da Klein ya gani a huhu abu ne da ke faruwa bayan mutuwa, ƙwayar da ya kama da laifi kuwa ƴar gida ce a hanji.

Ashe Cobbold ne mai gaskiya, amma da ƙari. Tsutsar siririya ce kamar zare, tsawonta wajen santimita ɗaya ko ƙasa da haka, tana zaune a wasu rassa biyu na hanji. Abin da ya ba kowa mamaki shi ne kusan duk babban girawus na daji yana ɗauke da ita, har wanda ke tashi garau. Abin da ke kashewa shi ne yawanta. Tsuntsu mai ƴan ɗaruruwa yana harkarsa, wanda ta kai dubbai a cikinsa sai hanji ya kumbura, abinci ya daina amfanarsa, ya rame ya mutu, galibi a ƙarshen hunturu lokacin da ci ya yi ƙaranci. An kuma bi hanyarta daki-daki. Ƙwan tsutsar na fita cikin kashin tsuntsu, ya ƙyanƙyashe a ƙasa, ƴaƴan su bi danshi su hau wani guntun tsiro da ake kira heda, wanda shi ne babban abincin girawus, su laɓe cikin raɓa a kan tohon ganye, daidai wurin da tsuntsu ke tsinka. Idan tsuntsaye sun yi yawa a fili guda, kashi ya yi yawa, raɓa ta cika da tsutsa, annoba ta tashi. An tabbatar da haka ta hanyar ɗura ƴaƴan tsutsar ga tsuntsayen da aka rena a keji, cutar ta bayyana. Shawarar kwamitin ga masu filaye ita ce su riƙa ƙona tsohon tsiro bi da bi don sabo ya fito, kuma kada su bar tsuntsaye su fi ƙarfin fili. Makiyayin da ya ga abin da cunkoso a mashaya guda ke jawo wa garke ba zai yi mamakin wannan shawara ba.

A nan bari mu ɗan ratse. Cikin waɗanda suka yi aiki da Wilson a kan wannan tsutsa akwai wani matashin likita ɗan Sikotilan, Robert Leiper. Wannan mutum shi ne ya je Akra ta ƙasar Gwalkwas, Ghana ta yanzu, a 1905, ya tabbatar cewa kurkunu na shiga jikin mutum ne ta shan ruwan da ke ɗauke da wasu ƙananan ƙwarin ruwa. Shi ne kuma a 1915 a Masar ya warware yadda tsargiya ke bi ta katantanwa. Kurkunun da ya hana iyayenmu noma damina bayan damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijar da Najeriya sun rabu da shi a 2013, Ghana kuma a 2015, da irin wannan haƙuri na bin tsutsa daga kashi zuwa baki aka san sirrinsa.

Saboda aikin girawus Wilson ya ƙi amsa gayyatar Shackleton ta komawa Antaktika a 1907. Abin da ya shuka kuwa ya yi tsiro bayan ba ya nan. A 1998 wasu masu bincike a Ingila suka buga sakamakon wani gwaji, inda suka riƙa kama girawus da dare suna ba su maganin tsutsa a wasu filaye, suka bar wasu filayen haka, sai faɗuwar yawan tsuntsaye ta ragu ƙwarai a inda aka ba da magani. Yau masu lura da tsuntsayen teku na bin wannan ƙa'ida ta duba lafiyayye da marar lafiya da ƙirga yawan abin da ke jiki, sai dai sun daina kashewa kafin su duba. A tsibirin May da ke gaɓar Sikotilan ana kama wani baƙin tsuntsu mai nutso, a zura masa siririn bututu mai ƙaramar kyamara har ciki, a ƙirga tsutsotsin da ya kwaso daga kifi, a sake shi ya koma sheƙarsa. A can ma an tarar kusan kowane babba na ɗauke da su. An gwada ba iyaye mata allurar ibamektin, wato maganin da muka sani da Mectizan, aka ga ƴaƴansu maza, waɗanda suka fi mata girma da ci, sun fi rayuwa.

Wata dabarar ta fi wannan sauƙi. Idan uwa ta taɓa haɗuwa da wata cuta, jikinta kan ƙera garkuwa, kuma wani ɓangare na wannan garkuwa na shiga gwaiduwar ƙwanta. Ke nan ƙwai guda ya isa ya faɗi abin da uwar ta gamu da shi ba tare da an kama ta ba. Masu bincike daga Faransa sun nuna haka a 2001 a wani tsibiri na arewacin Nowe, inda ƙwan tsuntsayen da ke sheƙa a wuraren da kaska ta yi yawa ya fi ɗaukar alamar garkuwa ta cutar da kaskar ke yaɗawa. Wannan kaska ta tsuntsayen teku ana samunta a ƙurewar arewa da ta kudu duka. A gaɓar ƙasar Peru wata irin kaskar kan yi yawa har iyaye su gudu su bar ƙwai da ƴan tsaki. A tsibirin Amsterdam na Faransa, can kudancin tekun Indiya, wata cuta da ake kira kwalarar tsuntsaye na kashe ƴaƴan albaturos shekara da shekaru, har aka gwada yi musu rigakafi da allura, aka ga ƙarin masu rayuwa. Murar tsuntsaye kuwa, wadda muka ga ta'adinta a Magarya a watan Fabrairu na 2006, ta kashe tsuntsayen ruwa fiye da 700 a gandun Djoudj na Senegal a farkon 2021, ta isa tsibirin South Georgia a Oktoban 2023, ta taka nahiyar Antaktika a Fabrairun 2024. Ita ba tsutsa ba ce, amma masu zaman gadin tsuntsaye ne suka fara ganin isowarta a can.

Mu koma ga mutuminmu. A watan Yuni na 1910 jirgin Terra Nova ya tashi daga Cardiff, Scott na jagora, Wilson shi ne shugaban masu bincike. Ragowar rahoton girawus a cikin jirgi ya ƙarasa shi ya aika gida. Wannan karon an tafi da mutum guda wanda aikinsa shi ne tsutsotsi da ƙwarin jikin dabbobi, likitan sojan ruwa Edward Atkinson. Duk tsuntsun tekun da aka harbo, tun daga tsibirin Trindade na tekun Atlantika har bakin ƙanƙara, bayan an feɗe fatarsa don ajiya sai a miƙa wa Atkinson hanji. Haka aka yi da fengwin da kifaye da sauran dabbobin teku. Ƴan ayarin na kiran Wilson Kawu Bill, don shi ake kai wa ƙara da damuwa, kuma shi kaɗai ke iya tausar Scott idan ransa ya ɓaci.

Sai dai akwai abin da ya kawo shi, wato ƙwan sarkin fengwin. Masana na wancan zamani sun ɗauki wata fahimta ta Bajamushe Ernst Haeckel, cewa ɗan tayi a cikin ƙwai yana maimaita matakan da kakanninsa suka bi, ana kuma zaton fengwin shi ne mafi daɗewar asali cikin tsuntsaye. Wilson ya yi fatan idan ya samu ƙwan yana sabo zai ga alaƙar gashin tsuntsu da ɓawon fatar dangin ƙadangare. Ƙwan kuwa a tsakiyar hunturu ake yinsa. Ran 27 ga Yuni na 1911, cikin duhun da ba ya yayewa, shi da Henry Bowers da wani saurayi mai raunin gani, Apsley Cherry-Garrard, suka bar sansani a Cape Evans suna jan amalanken ƙanƙara biyu da ƙirjinsu, da kaya wajen kilo 340. Tafiyar kilomita 100 da ɗoriya ce, amma ta ci kwana 19. Sanyi ya sa ƙanƙara ta zama kamar rairayi, amalanke ba ya sulɓi, sai su ja ɗaya su aje, su dawo su ja ɗayan, wato taku uku don ci gaban taku guda. A farkon Yuli ma'auni ya sauka har digiri 60 ƙasa da sifili. Gumin jikinsu na daskarewa cikin riga, jakar barci na zama kamar katako, mutum kan daɗe yana narkar da ita da ɗumin jikinsa kafin ya samu shiga. Haƙoran Cherry-Garrard sun farfashe saboda karkarwa.

Da suka isa, suka gina ƴar bukka ta duwatsu suka rufa mata zane mai kauri. Ran 20 ga Yuli suka samu hanyar sauka ta cikin ramukan ƙanƙara zuwa wurin tsuntsayen, suka tarar da wajen guda 100 kawai. Suka ɗauki ƙwai biyar, suka yanka tsuntsu uku don kitsen da za su ƙona a risho. A hanyar hawowa ƙwai biyu suka fashe a hannun Cherry-Garrard, wanda tabaransa ba sa amfani cikin wannan sanyi. Daren nan tafasasshen kitse ya fantsama wa Wilson a ido. Kwana biyu bayan haka guguwa ta taso ta yi awon gaba da tantinsu, wanda in babu shi ba su da hanyar komawa da rai. Kashegari, ran 23 ga Yuli, ranar da Wilson ya cika shekara 39, iska ta yage rufin bukkar, suka kwanta cikin jakunkunansu dusar ƙanƙara na binne su, ba dafaffen abinci wajen kwana biyu. Da iska ta lafa suka fita nema ba da wani fata ba, sai Bowers ya tsinci tantin a naɗe ƙasa da kilomita ɗaya daga wurin. Wilson ya yanke shawarar a juya. Sun shiga sansani ran 1 ga Agusta, sai da aka yi ta fama kafin a raba su da tufafinsu, ƙwai uku kuma na nan lafiya.

Mu dai ba za mu ɓoye ra'ayinmu ba: wannan tafiya kasada ce da ta wuce kima, kuma Wilson ne ya nemi a yi ta. Mutumin da ya yi shekara biyar yana rushe zaton Klein da ƙirga, shi ne ya sa ransa da na mutum biyu a bakin mutuwa saboda wani zaton da bai fi na Klein ƙarfi ba. Abin da za a faɗa a madadinsa shi ne babu wata hanyar gwada zaton sai da ƙwan a hannu, kuma abokan tafiyarsa biyu ba su taɓa ɗora masa laifi ba.

Wata uku bayan haka, ran 1 ga Nuwamba na 1911, aka kama hanyar ƙurewar kudu, tafiyar fiye da kilomita 1,300. Mutum biyar suka kai ƙarshe: Scott, Wilson, Bowers, Lawrence Oates da Edgar Evans. Ran 17 ga Janairu na 1912 suka isa, suka tarar da cewa Roald Amundsen ɗan ƙasar Nowe ya riga su tun 14 ga Disamba, da karnukansa da gwanayen tafiya bisa ƙanƙara. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Wilson ya zauna ya zana tantin da Amundsen ya bari da tutarsa. A hanyar dawowa, ga yunwa ga ciwon ƙafa, sun tsaya a gindin wani dutse ran 8 ga Fabrairu suka tsinci duwatsu wajen kilo 16, wasu ɗauke da sawun ganyen wani tsohon itace da ake samu a duwatsun Afirka ta Kudu da Indiya da Ostareliya, shaidar da daga baya ta ƙarfafa maganar cewa waɗannan ƙasashe sun taɓa zama dunƙule guda. Evans ya mutu ran 17 ga Fabrairu. Oates, da ƙafafunsa suka lalace, ya fita daga tanti da kansa a tsakiyar Maris bai dawo ba. Sauran ukun guguwa ta tsare su wajen kilomita 20 daga ma'ajiyar abinci, makamashi ya ƙare, abinci ya ƙare. Rubutun Scott na ƙarshe yana ɗauke da ranar 29 ga Maris. Duwatsun nan kuwa suna bisa amalanke, domin Wilson ya roƙi kada a yar da su.

Atkinson, mai tsutsotsi, shi ne ya jagoranci masu nema da suka gano tantin ran 12 ga Nuwamba na 1912. Suka kwashe takardu da duwatsu, suka rusa tantin bisa gawarwakin, suka tara musu tudun ƙanƙara. Labari bai isa duniya ba sai Fabrairun 1913. Rahoton girawus ya fito cikin juzu'i biyu tun 1911, da zane-zanen Wilson a ciki, amma bai taɓa riƙe shi a hannu ba. A 1914 aka kafa mutum-mutuminsa a Cheltenham, aikin hannun matar Scott. Oriana ta rayu har 1945, ba su haihu ba, ba ta kuma sake aure ba.

Kwalaben tsutsotsin da Atkinson ya tara sun isa Landan, shi da Leiper suka zauna kansu, suka fitar da bayani a 1914 da 1915. Sababbin nau'o'in da suka samu sun raɗa musu sunayen ƴan ayarin: wata tsila daga hanjin sarkin fengwin ta ɗauki sunan Charles Wright, wata kuma daga cikin wani ƙaton dabbar teku aka haɗa mata sunan Oriana da na Wilson. A wurinmu a sa wa tsila sunan matar mutum abin kai ƙara ne, a wurinsu kuwa girmamawa ce.

Ƙwai ukun Cherry-Garrard ne ya kai su gidan tarihin halittu na Landan a 1913, kuma a littafin da ya buga a 1922 ya koka da yadda aka karɓe su ba wani ɗoki, har sai da ya zauna jiran rasit. Masanin da aka fara ba su ya mutu bai gama ba, suka yi ta canza hannu, rahoton ƙarshe bai fito ba sai 1934. Kafin nan masana sun yi watsi da fahimtar Haeckel, rahoton ya ce ƴan tayin ba su ƙara wani abin kirki ga sani ba. Daga baya aka gano cewa namiji ne kaɗai ke ɗaukar ƙwan bisa ƙafafunsa sama da wata biyu ba ci, abin da Wilson bai samu lokacin gani ba. A 1957 ayarin Edmund Hillary ya tarar da bukkar duwatsun a Cape Crozier, da amalanke guda da wasu kayan aikin da suka bari. Ɓawon ƙwai ukun na nan ajiye a gidan tarihin har yau, kowanne da ƴar tagar da aka yanka aka ciro ɗan tayin.